Filtar Maliki da Kifayen Riƙo

Badariya, Birnin Kebbi
Talata

Baiwata Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ke da Goggo Kulu da yayanki Abdussamadu. Yaya ƙafar Goggo, tana barinta ta taka ƙasa? Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sa ko ƙuda ba ya tashi da rana a kasuwa. Uwargida Hauwa'u na gaishe ki.

Dikko direba ya miƙo mini takardarki a bakin shago. Na juya ta gaba da baya, don rabon da a rubuto mini da biro tun ina sakandare. Da na karanta na ga dalili: wayarki ta yi nutso a tankin kifi kina ɗaukar hoton ƙwai. Allah Ya mayar da alheri. Ko ba komai, yanzu in za ki zage ni sai kin zauna kin nemi takarda.

Bari in maimaita zancen, ki ga ko na ɗauka daidai. Kifayen nan naki na ado, enjel, masu faɗi kamar tafin hannu da fukafukai irin hannun babbar riga, sun yi ƙwai sau biyu sun ƙyanƙyashe. Da 'ya'yan sun fara iyo, gwaiduwar ƙwan da kike ba su sai ta ɓata ruwan, su mutu. Don haka kina son filta mai tukunya, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya ya zuƙo ruwa ya bi ta cikin soso, ɗayan ya mayar da shi tas. Goggo kuwa ta yanke hukunci: in shinkafar rani ta Abdussamadu ta iso daga fadama ba ta ga ɗan kifi mai rai da ya kai farcen babban yatsa ba, a fitar da tankunanki a jibge buhuna a ɗakin.

Ban ga laifin Goggo ba. A Argungu, inda mutum ke faɗawa ruwa da homar kamun kifi ya fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru sun ɗaga, ke kika gama karatun kiwon kifi kika zaɓi wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ɓata bakinta.

Kin ce kin kawo shawarar a zuba shinkafar a ɗakina na kusa da zaure, Goggo ta kusa cinye ki ɗanya. Daidai ta yi. Tun ina ɗan ƙarami Baba ya kawo ni riƙo wurin ƙanwarsa, ɗakin nan nawa ne, ke ba a ma san za a yi ki ba. Ko Goggon da kike kiran uwar da ta haife ki, a bakina kika tsinta. Ki ce mata ina nan tafe da zarar na samu sarari.

Na je wurin Babatunde, maƙwabcina a kasuwa, wanda ya sayar miki da kifayen bara. Har yanzu yana kan bakansa: in 'ya'yan suka rayu shi zai riƙa karɓa, don waɗanda ake kawo masa daga Legas zafin hanya ke kashe rabinsu. Filta uku ya dire mini. Ƙarama kamar kular abinci, matsakaiciya kamar bokitin fenti, babba kuwa kamar tukunyar gas. Rauda, na tsufa ina sayar da injin ban ruwa, ban taɓa ganin manomin da ya dawo yana kukan injinsa ya cika ƙarfi ba. Ki bar mini zaɓi.

Ubangidanki,
Maliki

*

Argungu
Alhamis

Ubangidan da ba ya ciyarwa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Goggo da sauƙi da safe, da yamma ta kumbura. Na isar da saƙonka na cewa kana tafe, ta ce in tambaye ka ko sararin nan da kake jira a Legas ake ƙera shi, don Sallah uku ke nan bai iso ba.

Maliki, kada ka sayi babbar nan. Ba zan bar maka zaɓi ba. Tankunana biyu ne, na iyaye da na 'ya'ya, kowanne bai wuce jarka uku ba. Ɗan enjel ranar da ya fara iyo bai kai ƙwayar gero ba, ido ne da wutsiya kawai. Ba fadama zan shayar ba. Ruwan da nake so shi ne wanda in ka sa hannu sai ka natsu kafin ka ji yana motsi. Ƙaramar nake so, mai makunnin da ake rage gudu. Kuma ka tambayi Tunde ko batirin solarmu na ƙwan fitila zai iya jan ta, don ka san in aka ɗauke wuta nan sai a manta da mu.

Macen ta yi ƙwai jiya a jikin tayil ɗin da na jingina musu. Ita da namijin suna ta yi musu fifita da fukafukai, ba su ko cin abinci. Wannan ne karo na ƙarshe da zai yi mini amfani, don shinkafa ta fara ja a fadama, Yaya Abdussamadu har ya fara zancen masu yanka. Jiya ya tsaya bakin ƙofar ɗakin yana auna shi da ido.

Ka gaishe da Hauwa'u. Ƙaramar, Maliki.

Rauda

*

Birnin Kebbi
Talata

Baiwata,

Sallama da fatan alheri. Mu lafiya. Na jira amsarki shiru, na ce to, Rauda ta yi hankali, ta san ciniki ba fagenta ba ne. Shirunki na ɗauka amincewa, ga kaya nan Dikko ya ɗauko a kujerar gaba kamar amarya.

Ki zauna ki ji yadda aka yi. Na shiga wurin Tunde ina taɓa matsakaiciyar, ina yamutsa fuska, ban ko kalli babbar ba. Alhali na riga na ji a bakin mai shayi cewa wani otal ne a Gesse ya sa ya kawo ta, da ta iso suka ce sun fasa, tana nan tana cin masa wuri tun damina. Na ce, "Tunde, wancan tulun fa, ruwan alwala kake tarawa a ciki?" Ya ce, "Malam Maliki, wannan ba sa'arka ba ce, ta manyan mutane ce." Na ce manyan mutanen ai na ji sun gudu. Muka yi ta ja, na fita har sau biyu yana kamo rigata. Ƙarshe na ɗauke ta a farashin matsakaiciyar. Ya rantse da kabarin kakarsa cewa na yanke shi, har ya raka ni bakin hanya yana girgiza kai.

Kwandon soso uku ne a cikinta. Ruwan tankinki kaf za ta juye shi kafin ki gama wanke hannu. In ma ta yi miki ƙarfi, akwai makunni a jikin tiyo, ki ɗan murɗa. Kuma gobe in sana'a ta buɗe kika yi manyan tankuna, ba sai kin sake neman wata ba. Mai ƙarfi ana rage shi, marar ƙarfi kuwa ba yadda za ki yi da shi. Haka nake gaya wa manoma kullum, suna kuma gode mini.

Ba sai kin yi dogon godiya ba. Busasshen kifi ƙulli ɗaya ya isa, irin wanda ake ci.

Maliki

*

Argungu
Laraba, bayan azahar

Maliki,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Takardata ta Alhamis tana cikin motar Dikko. Ya soke ta ƙarƙashin ƙyallen gaban mota ya manta, tana ta zuwa Birnin Kebbi tana dawowa. Yanzu na zaro ta da hannuna na haɗa maka da wannan, ka karanta ka ga abin da na roƙe ka.

'Ya'yan sun fara iyo shekaranjiya. Ban taɓa samun masu yawansu ba, tankin kamar an watsa gero. Yau da safe ruwan ya fara fari, ba ni da wata dabara, sai na haɗa tulunka. Na murɗe makunnin har ya kusa rufewa, na tsaya na ga suna iya tsayuwa, sannan na tafi shafa wa Goggo magani a ƙafa. Yaya Abdussamadu ya zo wucewa ya ji injin yana gurnani. Ya ce ya ga an shaƙe shi ne, injin da aka shaƙe kuwa ƙonewa yake yi, sai ya buɗe makunnin har ƙarshe don ya taimake ni. Ku biyun makaranta ɗaya kuka yi.

Da na dawo, ruwan na juyawa kamar gulbin Matan Fada da ambaliya. Tas yake, ban taɓa ganin ruwa mai kyansa ba. Ba ko ɗaya a ciki. Duk ta zuƙe su.

Ban buɗe ta ba, ba zan iya ganin abin da farfelarta ta yi musu ba. Na rufe tiyo biyun yadda take da ruwanta na ba Dikko. Ka mayar wa Tunde, ko ka shayar da gona da ita.

Goggo ta leƙo ta ce, "To, ina ɗiyan kihin?" Na ce sun tafi Birnin Kebbi. Ta ce, "Su ma?"

Ko iyayen sun sake yin ƙwai, ba za su kai farce ba kafin buhuna su iso. Na fara neman kwalayen da zan naɗe tankunan. Kada ka rubuto mini wasa, ba ni da wurin sa shi.

Rauda

*

Birnin Kebbi
Laraba da yamma

Rauda,

Ajiye kwalayen nan. Gaisuwa tana ƙasa, fara karanta wannan.

Dikko ya sauke mini filtar da takardunki biyu bayan la'asar. Na karanta a tsaye. Na ɗora ta a kafaɗa na yi wurin Tunde, ruwa na kwaɗa-kwaɗa a ciki. Ya hango ni ya fara murmushin da ya nuna mini wanda aka yanka ran nan ba shi ba ne.

Ya ce, "Malam Maliki, kayan da ya sha ruwa ba ya komawa kwali."

Na ce, "Kayan da ya cinye 'ya'yan mutane fa, ina yake komawa?"

Ya ce sai ya buɗe ya ga ko 'yan Argungu sun fasa masa wani abu. Ya ɓalle murfi, ya ɗaga kwandon soso na sama, ya ɗaga na tsakiya, ya ɗaga na ƙasa, ya leƙa gindin tukunyar. Sai ya yi shiru. Kin san Tunde, ko a gidan makoki ba ya shiru. Ya ce, "Zo ka gani, amma kada ka yi numfashi da ƙarfi."

Rauda, suna nan. Ɗigo-ɗigo masu ido, suna ta wutsil-wutsil a gindin tukunya. Ashe farfelar a jikin murfi take can sama, soso uku ne tsakaninsu da ita, ba wanda ya kai gare ta. Wasu sun kwanta ba sa motsi, ba zan ɓoye miki ba. Amma masu rai sun fi talatin, sun ƙi tsayawa in ƙirga. Sun sha hanyar Argungu cikin rana a bayan motar Dikko, ba kuɗin mota.

Kuma ki lura da abu ɗaya: da ƙaramar ce, ruwan cikinta bai isa ya riƙe su da rai har nan ba. Girman nata ne ya cece su. Ban ce ki gode mini ba, na dai ce ki lura.

Tunde ya ara mini ƙaramin tanki, muka juye su da ruwansu da ludayin mai koko. Na kawo su gida a Keke Napep ina rungume da tankin, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Suna ɗakina ƙarƙashin taga. Babbar filtar kuwa ya ƙi karɓa, ta zama tawa.

Yanzu ki gaya mini: in ba Dikko su gobe, ko yaya? Me suke ci? Sun taru a kusurwa ɗaya, haka suke yi ko wani abu ne? Ki ba Dikko amsa a hannu, ki ce in ya sa ta ƙarƙashin ƙyalle ni da shi ne.

Ina gaida Goggo. Muna lafiya.

Maliki

*

Argungu
Alhamis da safe

Yaya Maliki,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa Goggo, ta ce ita sai ta gani.

Kada ka ba Dikko su. Sun tsira sau ɗaya, ba za su tsira sau biyu a wannan zafin ba sai sun yi ƙwari. Ni kuma ba halin in bar Goggo da ƙafar nan, ga abincin masu yanka an ɗora mini. Riƙonsu ya faɗo kanka.

Ka dafa ƙwai, ka ɗebi gwaiduwa a kan tsinken sakace, ka murje ta cikin ƙyalle mai tsabta a ruwan. Kan tsinke na ce, ba cokali ba, na san hannunka. Ruwan da za ka ƙara musu ya kwana a bokiti tukuna. Sabulu kada ya kusanci komai nasu.

Ka koma wurin Tunde ka zaɓi filta, wannan karon da su a gabanka. Ka ɗaure soso a bakin tiyon da ke zuƙa, bakin mai mayarwa kuma ka juya shi ya kalli gilashi. Ga wani tsohon soso nan cikin leda da ruwa, daga tankin iyayensu na ciro. Baƙi ne, yana ƙarni, kada a wanke shi. Ka sa shi cikin tukunyar filtar, abin da ke jikinsa shi ke cinye dattin ruwa. In aka ɗauke wuta ta daɗe, ka zare filtar, ka zubar da ruwan cikinta kafin ka sake kunnawa, don ruwan da ya kwanta a rufe guba ne.

An fara yanka ta gefen gulbi.

Rauda

*

Badariya
Lahadi

Rauda,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, in ban da ni da na rame.

Mako huɗu ke nan suna hannuna, na rubuto miki sau biyu ta hannun Dikko, ya rantse ya ba ki, ban ga amsa ba. Fushi ne har yanzu, ko an riga an fitar da tankunan kina jin nauyin gaya mini? In an fitar, ki faɗa, in san abin da nake wahala a kai.

Zancen filta an gama. Na sa Tunde ya biyo ni gida da ƙaramar da matsakaiciyar. Yana ta tura mini matsakaiciyar, wai ita ce tsaka-tsaki, ba a nadama da ita. Na ce bakinka na ji ran nan, yau ruwa zan tambaya. Na cika bahon wankin Hauwa'u, na barbaɗa dusa a kai, muka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Matsakaiciyar ko an rage ta sai ta tattaro dusar ta yi bakin tiyo da ita a guje. Ƙaramar kuwa, da na murɗa makunninta, dusar sai yawo take a hankali kamar mai zaga kasuwa ba kuɗi a aljihu. Na ce wannan. Na gwada ta da batirin solar shagona, ta ja har yamma bai nuna gajiya ba, don haka naku ma zai ja. Tunde ya ce bai taɓa ganin Maliki ya biya kuɗi don a ba shi abu marar ƙarfi ba, zai sa a rubuta a bangon shago.

Sosonki baƙi ya kusa halaka. Na shigo na tarar da Hauwa'u ta zazzage shi a roba, ta ɗebo garin sabulu, tana cewa wace ƙazama ce ta aiko mana da wannan. Da tsalle na kai gare shi. Har yau ba ta gama yi mini kallon mahaukaci ba. Ta ce ko ranar da take naƙudar Taufiq ban yi safa da marwa haka ba.

Gaskiyarta. Ina cikin ciniki sai in ji fankar maƙwabci ta tsaya, in san an ɗauke wuta, in bar mai saye da injin a hannu in tari Keke in yi gida. Wani manomi daga Jega ya jira ni har ya gaji ya saya a gaba. Shida sun mutu a kwanakin farko, ban san laifin da na yi ba, na kwashe su da cokali ban bari Hauwa'u ta ga fuskata ba. Sauran talatin da biyu ne, yanzu suna tsayawa a ƙirga su. Sun fara faɗi, fukafukan sun fito sama da ƙasa, in na matso sai su taru a gilashi suna kallona kamar masu bin bashi. Na ɗora farcena jiya. Manyan sun kusa.

Yaushe buhunan za su iso? Ki amsa ko da layi ɗaya ne.

Maliki

*

Badariya
Laraba

Rauda,

Shiru dai. Dikko ya ce ya ga ana ɗinke buhuna a fadamarku, ya kuma ga ƙofar ɗakin kifinki a buɗe. Ba zan iya zaman nan ba. Jibi Juma'a zan rufe shago in kawo su da kaina, cikin kula, a kan cinyata, da filtar. Na saye kujerar gaba duka. Kada a taɓa tankin nan kafin in iso. Ki tara ruwa ya kwana.

Maliki

*

Argungu
Asabar

Yaya Maliki,

Sallama. Ina fata ka isa gida lafiya. Ƙafar Goggo yau har tsakar gida ta kai ta.

Na ce maka ba fushi ba ne, tuwon masu sussuka ne ya hana ni ko zama, ka ƙi yarda. Ga shi a rubuce. Ƙofar da Dikko ya gani a buɗe kuwa, iska nake ba iyayen.

Ka yi gaggawar komawa, ka bar baya da labari. Bayan tafiyarka Yaya Abdussamadu ya iso da motar buhuna. Kafin a sauke ko ɗaya, Goggo ta sa aka kama ta zuwa ɗakin kifin. Ta ƙi tabarau. Ta manna babban yatsanta a gilashi ta jira, har wani mai baƙin zane ya zo ya tsaya daidai farcen. Ya rufe shi, har da ragowa.

Yaya ya ce, "Goggo, sharaɗin ai a wannan ɗakin ne. Waɗannan 'yan Birnin Kebbi ne, can suka girma, yau suka zo."

Ta ce, "Ina anka haife su?"

Ya ce nan.

Ta ce, "Maliki nan nir riƙe shi, nan yag girma, tuwona yac ci. Ɗan wa na?"

Ya ce ɗan Kawu ne.

Ta ce, "To, riƙo ba ya canza ma ɗa gida. Ɗiyan ɗakin ga na. Ba a taɓa tankin Rauda."

Yaya ya ce to shinkafar fa, a kansa zai ɗora ta? Goggo ta kwance mabuɗin nan da ke ɗaure a bakin zanenta tun muna yara, ta miƙa masa. Ta ce a buɗe ɗakin Maliki.

Na ce, "Goggo, ke da kika kusa cinye ni a kan ɗakin nan?" Ta ce ɗakin yaro ne take ajiya, yau kuwa ta ga mutum ya shigo da kula a ƙirji yana ce wa kowa a yi a hankali, ta san yaron ya ƙare, har an ba shi riƙo ya iya. Sai kuma ta ƙara da cewa, wanda ke zuwa bayan Juma'a ya koma kafin magariba, mi zai yi da ɗaki? Wannan ta biyun ba da dariya ta faɗe ta ba. An fito da akwatinka da gadon, suna ɗakinta. Buhuna sun kai rufi.

Filtar na aiki shiru, sai na sa hannu nake sanin tana kunne. Ka iya zaɓi, da aka matsa maka.

Saura magana ɗaya. Talatin da biyu ka rubuta. Na ƙirga har na gaji, ashirin da takwas nake samu. Kuma Dikko ya ce Tunde na cigiyar tankin da ya ara maka.

Baiwarka da ta 'yantu,
Rauda

*

Birnin Kebbi
Litinin

Rauda,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ƙafar Goggo. Mu ma lafiya.

Ƙirgarki daidai ce. Ina kika taɓa jin an yi riƙo an mayar da 'ya'ya kaf rana ɗaya, an bar mai riƙo da ɗaki wayam? Huɗun nan su ne ƙanana, hanya za ta ba su wuya. Suna nan ƙarƙashin taga. Na koma wurin Tunde neman wata ƙaramar filtar, tun daga nesa ya fara dariya, ya ce ta yi tsada tunda yanzu an san darajarta. Na bar shi ya ci wannan.

Babbar kuwa na sayar wa wani mai kiwon tarwaɗa a Gwadangaji. Ya dawo jiya yana sa mini albarka, wai bai taɓa ganin ƙarfi irin nata ba. Na ce masa ai ni ba na zaɓen banza.

Maganar Goggo ta biyun ta iso inda aka aike ta. Ki ce mata Alhamis ina tafe, kuma sai Asabar zan dawo. Na nuna wa Hauwa'u kan tsinke, na ɓoye garin sabulu. Kada a gyara mini ko'ina, ɗakina zan kwana. Ki dai ce wa Abdussamadu ya sauko da buhunan sama ya jera su a kwance, ya daidaita, don bayan nawa ba na yaro ba ne yanzu.

Ubangidanki har gobe,
Maliki